Burtalin da Ya Gina Ƙauye: Ziyara Zuwa Santo Stefano da Duwatsun Gran Sasso



Waɗanda suka shirya zaman nan sun ce in yi magana a kan tafiya ƙasar Turai, kuma na san wasunku sun zo ne da shirin jin labarin Landan ko Faris. Ku yi haƙuri, yau ba can za mu ba. Ƙauye zan kai ku, ƙauyen da mazaunansa ba su wuce mutum 100 da 'yan kai ba, wanda ko Italiyawan kansu ba kowa ya san shi ba. Sunansa Santo Stefano di Sessanio, yana jihar Abruzzo a tsakiyar Italiya, a gindin jerin duwatsun da ake kira Gran Sasso. Na zaɓe shi ne saboda wata tambaya da ke tasowa a zuciyar duk wanda ya shige shi da ido buɗe: me ya kawo arziki wannan wuri, kuma me ya kore shi?

Idan ka taso daga Rum, gabas za ka nufa a kan babbar hanyar da suke kira A24, wadda ke kutsawa ta cikin duwatsu tana fita, kimanin kilomita 120 zuwa L'Aquila, babban birnin jihar. Daga L'Aquila abin da ya rage bai cika kilomita 30 ba. Ka wuce garin Barisciano, sai hanya ta fara hawa tana murɗewa, itatuwa suna raguwa, ƙasa tana komawa fari-fari saboda dutsen farar ƙasa da ya leƙo ko'ina. Can sai ƙauyen ya bayyana a kan wani tudu: tsibin gidajen dutse manne da juna, babu ko tazarar da akuya za ta bi a tsakaninsu, da wata zagayayyiyar hasumiya a ƙoli. Tsayin wurin daga doron teku mita 1,250 ne, wato kusan daidai da Jos, sai dai sanyin hunturunsa ba irin wanda muka sani ba ne. Dusar ƙanƙara kan rufe shi ruf.

Mota ba ta shiga. A ƙasa ake barin ta, a hau da ƙafa.

Me ya sa mutane za su bar kwari, inda ruwa yake, inda noma ya fi sauƙi, su hau kan dutse su zauna? Wannan ba a Santo Stefano kaɗai ya faru ba. Tsakanin ƙarni na 10 da na 12, mutanen tsakiyar Italiya da ke warwatse a gonaki sun tattaru a kan tuddai, suka kewaye kansu da ganuwa. Bayanin da aka fi yi shi ne tsoro. Mahaya dawaki na ƙabilar Magyar suna kai hari daga arewa, mahara kuma suna shigowa daga teku, cikinsu har da Musulmin Sisili da Arewacin Afirka, waɗanda suka riƙe birnin Bari daga 847 zuwa 871. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro a fadamun bakin teku. Amma wani masanin tarihi Bafaranshe, Pierre Toubert, ya nuna cewa tsoro ba shi kaɗai ba ne. Masu ƙasa da manyan gidajen ibadar Kirista su ma sun so haka, don talakan da aka tara a cikin ganuwa ɗaya ya fi sauƙin ƙirgawa ranar karɓar haraji. Ni dai na fi gamsuwa da cewa dalilan biyu sun haɗu, kuma ganuwar ta yi wa mai ƙasa aiki ta fuska biyu.

A Santo Stefano ba za ka ga ganuwa tsaye ita kaɗai ba. Gidajen da ke gefe su ne ganuwar. An gina su dogaye, bayansu na kallon waje, da 'yan tagogi ƙanana can sama. A ciki kuwa lunguna ne matsattsu da matakala, wasu an ɗora ɗaki a kansu bisa bakan gini, sai ka ga kana tafiya a ƙarƙashin gidan mutane. Dalilin ba ado ba ne. Fili ya yi kaɗan, iyali suna ƙaruwa, ba a fita waje da ganuwa, to sai a yi sama. Kuma rufaffen lungu yana tare iska da dusar ƙanƙara. A gidajen talakawa dabbobi ke kwana a ƙasa, mutane a sama, ɗumin jikin dabba yana hawowa ya taimaki murhu.

Har nan babu abin mamaki, talauci ne da dabara. Abin mamakin yana zuwa ne idan ka ɗaga kai. Sai ka ga taga da aka sassaƙa wa furanni a jikin dutse, ka ga baranda mai ginshiƙai irin ta manyan birane, ka ga gidan da ba manomin dankali ya gina shi ba. A saman ƙofar shiga garin kuma ga tambarin gidan Medici, wato attajiran birnin Firenze waɗanda suka ba sarakuna bashi, suka fitar da fafaroma daga cikin zuriyarsu, suka ɗauki nauyin manyan masu zane na Turai. A shekarar 1579 Francesco de' Medici ya sayi wannan yanki baki ɗaya, masarautar Carapelle, daga hannun gidan Piccolomini, kuma ya zauna a hannun zuriyarsa har 1743. To, me attajirin Firenze ke nema a ƙauyen da ƙasarsa ba ta iya ciyar da mazaunanta?

Amsar ba ta cikin ƙauyen. Sai ka fita ka ƙara hawa.

Bayan Santo Stefano hanya na ci gaba da hawa, ta bi ta wasu kwaruruka da aka yanka gonaki a cikinsu siri-siri, dogaye, babu shinge. Sai ka tsallake wani tudu, duniya ta buɗe. Wannan shi ne Campo Imperatore, wani shimfiɗaɗɗen fili a saman duwatsu, tsawonsa kimanin kilomita 27, faɗinsa ya kai 8 a wasu wurare, kuma mafi yawansa ya haura mita 1,500 daga doron teku. Babu gari, babu itace sai ɗaiɗai, ciyawa ce kawai har iyakar ganinka, duwatsu sun kewaye ta. Daga gefe guda ga Corno Grande, mai tsayin mita 2,912, wanda ya fi kowane dutse tsawo a jerin duwatsun Apennine da suka ratsa Italiya daga sama har ƙasa. A wani lungu a ƙarƙashin ƙolinsa akwai daskararriyar ƙanƙara da ake kira Calderone, wadda ɗumamar yanayi ke cinyewa shekara bayan shekara. Tun 1991 duk yankin yana cikin gandun da gwamnati ta keɓe.

Masu yawon buɗe ido sukan zo nan don abu biyu. Na farko finafinai, domin an ɗauki da yawa a wannan fili. Na biyu wani jan otal da ke can sama, a tsayin mita 2,130, inda aka tsare Mussolini bayan an tumɓuke shi, shi dai wanda ya mamaye Habasha a 1935. Ranar 12 ga Satumba 1943 sojojin Jamus suka sauka da jiragen da ba su da inji, suka ɗauke shi. Ɗaliban kimiyya kuma su sani cewa a cikin cikin wannan dutse, ƙarƙashin mita 1,400 na dutse, akwai ɗaya daga cikin manyan ɗakunan binciken kimiyyar ƙwayar zarra na duniya. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su suka gina ƙauyen ba. Ciyawar nan ce ta gina shi.

Daga watan Mayu zuwa Satumba, Campo Imperatore makiyaya ce da samun irinta sai an tona. Daga Oktoba kuwa makabarta ce ga duk wanda ya yi jinkiri. A wani gefen filin, wurin da ake kira Fonte Vetica, akwai gunkin tunawa da wani makiyayi da 'ya'yansa waɗanda guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su tare da garkensu a watan Oktoban 1919. Saboda haka dole tumaki su sauka. Ina za su? Kudu, zuwa wani faffaɗan kwari a jihar Puglia da ake kira Tavoliere, kewayen birnin Foggia, inda hunturu ke da sauƙi, ciyawa ke tsirowa da ruwan kaka. Da zafi ya kama can, ciyawa ta ƙone, sai a juyo. A al'ada ana tashi wajen 29 ga Satumba, a kamo hanyar dawowa wajen 8 ga Mayu.

Ina ganin wasu sun fara murmushi, don sun gane inda na dosa. Wannan mashekari ne, ba wani abu ba. Kuma hanyar da tumakin ke bi, wadda Italiyawa ke kira tratturo, burtali ce. Mafi girma a cikinsu ta tashi daga L'Aquila ta dire Foggia, kilomita 244, tana wucewa ta kwarin da ke ƙasan ƙauyenmu. Ɗalibai, ku rubuta faɗinta: mita 111. Ba kuskure na yi ba. Faɗin burtalin ya kai tsawon filin ƙwallo, don dabba ta riƙa ci tana tafiya, kada yunwa ta tura ta gonar wani. A kan hanya akwai wuraren hutu da aka keɓe inda garke zai yi kwanaki, akwai mashaya, akwai majami'u da makiyaya ke fakewa a jikinsu. Tafiyar kan ɗauki mako biyu zuwa uku.

Hanyoyin sun girmi Rumawa ma, amma wanda ya mai da su hukuma shi ne Sarki Alfonso na Aragon, wanda ya ci Napoli, garin da samarinmu suka sani ta hanyar ƙwallo. A shekarar 1447, shekara 16 kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano, Alfonso ya kafa wata ma'aikata da ake kira Dogana, wato kwastan na tumaki. Ya kwaikwayo tsarin ne daga ƙasarsa ta Sifaniya. Da farko mazauninta yana Lucera, daga baya aka mai da ita Foggia. Bari in ɗan ratse: Luceran nan gari ne da Sarki Frederick na Biyu ya tara Musulmin Sisili a cikinsa tun wajen 1220, suka zauna da masallatansu da alƙalansu har aka tarwatsa su a 1300. Wannan lacca ce ta wata rana.

Ga yadda Dogana ke aiki. Mai garke zai rubuta sunansa da yawan tumakinsa, ya biya kuɗi a kan kowace ɗari. Hukuma kuma ta ɗauki alkawari: za ta ba shi makiyaya ta hunturu da sunansa a kanta, za ta tsare masa hanya, babu wani mai gari ko mai ƙasa da zai tare shi ya ce sai ya biya kuɗin wucewa, za ta sayar masa da gishiri da rangwame. Idan rigima ta haɗa shi da manomi ko da wani basarake, ba kotun gari za a kai shi ba, Dogana na da kotunta. Shi kuma dole ya sayar da ulunsa da cukunsa da 'yan raguna a kasuwar Foggia ta watan Mayu, kuma ba zai kama hanyar gida ba sai ya biya abin da ake bin sa. Sannan, kuma wannan ne ya fi jan hankalina, lokaci-lokaci ana tura ma'auna su bi burtalin daga farko har ƙarshe. Duk inda manomi ya ci iyaka, a ƙwace, a ci shi tara. An kafa duwatsun iyaka a gefe da gefe, an sassaƙa musu haruffa biyu, R da T, alamar cewa hanyar ta sarki ce. Har yau ana tsintar su a cikin ciyawa.

Kada wani ya ɗauka son makiyaya ne ya sa Alfonso yin haka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A lokacin da abin ya bunƙasa, miliyoyin tumaki ke sauka Tavoliere duk shekara, kuma kuɗin Dogana na cikin manyan hanyoyin shigar baitulmalin Napoli. Sarki ya tsare burtali ne domin duk taƙin da manomi ya ci daga cikinsa, daga aljihun sarki ya ci. Abin da ya kawo Medici ke nan su ma. Firenze garin masaƙa ne, masaƙa na son ulu, Santo Stefano kuma na zaune a bakin ƙofar makiyaya. An san ƙauyen da wani baƙin ulu mai kaushi da ake kira carfagna, wanda ake ɗinka kayan soja da rigunan masu zaman zuhudu na Kirista da shi. Tagogin nan masu furanni, gashin tunkiya ne ya biya masassaƙinsu.

To, mu dawo gida na ɗan lokaci, domin a nan labarin ya taɓa mu. Mu ma muna da burtali, muna da mashaya, muna da makiyaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998. A Nijar an yi dokar karkara a 1993, aka ƙara ta makiyaya a 2010, kuma wanda ya bi wasu yankunan ƙasar ya ga turakun siminti da aka kakkafa a gefen hanyoyin dabbobi. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Abin da nake so mu tambayi kanmu shi ne: wane ne yake asara idan aka nome burtali? A zamanin jangali, hukumar gargajiya na da dalilinta na son Bafulatani ya sauka a ƙasarta, tun da kowace saniya kuɗi ce a baitulmali. Ba ina kiran a dawo da jangali ba ne. An yi zalunci da sunansa, kuma waɗanda suka soke shi, kamar gwamnatocin Kano da Kaduna a 1979, suna da hujjarsu. Abin da nake cewa shi ne, hanyar da babu mai iko ɗaya da ke jin zafin ɓacewarta, takarda ba ta tsare ta. A Napoli akwai ma'auni, akwai kotu, akwai dutsen iyaka, kuma akwai wanda cikinsa ke ƙugi idan aka taɓa su.

Sai dai kada in zuga muku tsarin fiye da kima. Wanda ya ji daɗinsa shi ne mai dubban tumaki. Makiyayin haya, wanda ke ƙarƙashin shugaban garke da suke kira massaro, gurasa da gishiri da ɗan mai ne abincinsa, yana kwana a bukka, kuma akan fara tafiyar tun yaro bai kai shekara goma ba. Manoman Puglia kuwa sun yi ƙarnuka suna kallon ƙasa mai albarka an hana su nomawa don tumakin wasu su ci. Su kuma matan Santo Stefano, wata bakwai zuwa takwas a shekara babu mazansu. Su ke noman 'yan gonakin nan siri-siri, su ke saƙa, su ke ɗebo itace, su ke binne mamaci idan hunturu ya yi kisa. Abin da suka fi shukawa shi ne adas, ɗan ƙaramin wake da masu sauraron tafsiri suka san sunansa daga Suratul Baƙara. Na Santo Stefano ƙanana ne ƙwarai, masu duhun launi, ba sa buƙatar jiƙo kafin a dafa, kuma tsayin wurin da sanyinsa na hana ƙwari cin su. Abincin talaka ne a da. Yanzu ana yi masa biki a farkon watan Satumba, ana sayar da shi da tsada a ƙananan jakunkuna.

Wanda ke da ƙafa, ina ba shi shawara ya taka daga ƙauyen zuwa Rocca Calascio, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ta kan tuddai. Wani sansanin yaƙi ne na farin dutse a tsayin mita 1,460, yana cikin mafiya tsawon wuri a duk Italiya. Hasumiyar tsakiya mai kusurwa huɗu ita ce tsohuwa, zagayayyun huɗu na gefe kuwa gidan Piccolomini ne suka ƙara su a ƙarshen ƙarni na 15. Ba fada ba ce, babu sarkin da ya taɓa zama a ciki, wurin dakaru ne kawai. Idan ka tsaya a kai za ka gane aikinsa ba tare da kowa ya faɗa maka ba: ta nan kana ganin hanyar hawa makiyaya, ta can kana ganin kwarin Navelli da burtali ke ratsawa, inda ake noman za'afaran. Da wuta da dare, da madubi da rana, dakaru ke aika saƙo daga hasumiya zuwa hasumiya. Ƙauyen da ke manne da sansanin girgizar ƙasa ta 1703 ta lalata shi, mutane suka riƙa sauka, zuwa 1957 babu kowa a ciki.

A kan wannan hanya za ka iya gamuwa da garke, domin kiwon bai mutu duka ba. Ka yi hattara da karnukan. Manya ne farare, tun suna 'yan kwikwiyo ake haɗa su da tumaki, kuma aikinsu faɗa da kyarkeci, wanda har yanzu yana nan a duwatsun. A da har abin wuya mai ƙusoshi ake sa musu. Kada ka gudu, kada ka ratsa tsakiyar garke, ka kewaye a hankali. Kuma tun da muna maganar dabba, abincin da jihar ta yi suna a kai shi ne tsiren naman tunkiya, arrosticini, wanda ake yanka ƙanana a gasa a kan gawayi. A Campo Imperatore akwai rumfunan da za ka sayi ɗanye ka gasa da hannunka. Musulmi ya buɗe ido, domin a kan waya ɗaya ake gasa shi da naman alade. Hukuncin yankan kuwa, ga malamai nan a gaba, ba zan shiga gonarsu ba. Miyar adas da cukun tumaki na garin Castel del Monte sun ishi mai taka-tsantsan.

Yaya aka yi abin ya rushe? A 1806, lokacin da Faransawa suka riƙe Napoli, Joseph Bonaparte ya soke Dogana. An ɗan farfaɗo da tsarin bayan tafiyarsu, amma da Italiya ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya, dokar 1865 ta saki ƙasar Tavoliere ga masu saye, garma ta shiga. Ulu mai araha ya fara shigowa Turai daga Ostareliya da Kudancin Amurka. Garkunan da suka rage aka koma ɗaukarsu a jirgin ƙasa, daga baya a manyan motoci. Burtali ya zama gona, ya zama kwalta, ya zama unguwa. Santo Stefano, wanda a farkon ƙarni na 20 ke da mutum fiye da 1,000, ya tsiyaye. Aka tafi Amurka, aka tafi Kanada, aka tafi ma'adinan Faransa da Beljiyam, aka tafi Rum. Mutum ya kulle ƙofa ya tafi da makulli, bai sake dawowa ba.

A muhawarar da ake yi a ƙasar nan, nakan ji ana cewa ai Turai ta daɗe da barin kiwon yawo. Gaskiya ne ta rage shi ƙwarai. Amma mai faɗar haka ya je Abruzzo ya ga inda makiyayan suka kwana. Ba killace su aka yi suka yi arziki a garuruwansu ba. Masana'antun Amurka da na arewacin Italiya ne suka shanye su, garuruwansu suka zama kufai. Duk mai son mu bi wannan hanya, sai ya nuna mana masana'antar da za ta shanye namu. A 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan kiwo na mashekari cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, bisa buƙatar Italiya da Ostiriya da Girka, bayan mafi yawan masu yin sa sun riga sun watse.

Yanzu ga wani abu da ke da ɗaci a faɗa. Kyan da baƙo ke zuwa gani a Santo Stefano, watsi ne ya adana shi. Garuruwan da kuɗi ya shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe tsofaffin gidaje, sun yi na bulo da siminti. Nan babu wanda ya rage da zai rushe komai. A ƙarshen shekarun 1990 wani mutumin Milan mai suna Daniele Kihlgren, ɗan Basuwide da Ba'italiya, ya biyo ta wurin a kan babur. Dangin mahaifiyarsa da siminti suka yi arziki. Ya sayi gidaje da dama daga magadan da ke warwatse a duniya, ya kuma yi yarjejeniya da hukumar garin cewa ba za a yi sabon gini a kewayen ƙauyen ba. Ya buɗe wani irin otal da ɗakunansa ke warwatse cikin lunguna, wannan gida ɗaki, wancan gida wurin cin abinci. Bai goge baƙin hayaƙin da ke bango ba. Katifun ulu ne, barguna saƙar hannu, babu talabijin, sai dai an ɓoye na'urar ɗumama ɗaki a ƙarƙashin daɓe.

Zuciyata biyu a kan wannan. Ya ceci gine-ginen, ya kawo aiki, wasu sun buɗe shaguna da masaukai saboda shi, wannan babu musu. Amma ɗakin da wata mata ta riƙa yin wata takwas-takwas a cikinsa da yara da hayaƙi da jiran miji, yau attajiri ke biyan kuɗi mai yawa ya kwana biyu a ciki ya ce ya huta. Ban ce haramun ba ne. Na ce dai baƙo ya san abin da yake kallo.

Ranar 6 ga Afrilu 2009, da ƙarfe 3:32 na dare, girgizar ƙasa ta afka wa L'Aquila, ta kashe mutum 309. A Santo Stefano gidajen da aka gyara da dutse da katako da farar ƙasa, yawancinsu sun tsaya. Abin da ya faɗi shi ne hasumiyar garin, wadda ke tsaye tun ƙarni na 14, kafin zuwan Medici ma ko da yake da sunansu ake kiran ta. Masana gini sun ɗora wani kaso na laifin a kan daɓen kankare mai nauyi da aka ɗora mata a ka a ƙarni na 20. Masu gyaran ganuwa da tsofaffin masallatanmu na ƙasa su riƙe wannan. An tsince duwatsun, an sake ɗora ta, aka kammala a 2021.

Hasumiya ta tashi, amma mutane fa? A 2020 hukumar garin ta yi shela: duk mai shekara 18 zuwa 40 da zai zo ya zauna aƙalla shekara biyar, za a ba shi har Yuro 8,000 a shekara tsawon shekara uku, da gida a kan haya ta jeka-na-yi-ka, da tallafin da zai iya kai Yuro 20,000 don ya kafa sana'a. A lokacin mazauna garin 115 ne, kuma waɗanda ba su kai shekara 20 ba ba su fi a ƙirga da yatsu a ƙara kaɗan ba. Fiye da mutum 1,000 suka nema, alhali kimanin goma ake so. Na ga samari a baya suna gyara zama. Ku kwantar da hankalinku, an rufe, kuma tun farko sharaɗin ya fi karkata ga mazauna Italiya da 'yan Tarayyar Turai.

Wanda Allah ya ba ikon zuwa, ya je tsakanin Yuni da Satumba, domin da hunturu akan rufe hanyar Campo Imperatore. Ya tafi da rigar sanyi ko da a watan Agusta ne, don dare a can ba ya wasa. Motar haya daga L'Aquila ba ta da yawa, gara mutum ya ɗauki tasa. Idan kuma ya dace da ranar 5 ga Agusta, makiyayan da suka rage sukan tara garkunansu a filin don baje kolin tumaki na shekara, a nan ne zai ga masu sana'ar da idonsa, ya tambaye su farashin ulu, wanda a yau sau da yawa ba ya biyan ko ladan mai sausaya.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika. Ina jiran tambayoyi, musamman daga waɗanda suka fito daga gidajen kiwo.